Sitiyarin Baba Isa

Duk yaron da ya zo neman aiki a makarantar koyon tuƙi da nake da ita a Gwarimpa, da zance ɗaya yake zuwa: shi ai ya iya mota. Sai in ce masa madalla, amma ba wannan na tambaye ka ba, ka iya zama? Nan take za ka ga ya washe baki, yana tsammanin tsohon nan Malam Habu ya fara ruɗewa. Kujerar da ke gefen direba ita ce wurin aikinmu, ita ce kuma mutane suka raɗa wa suna kujerar mai zaman banza. Wanda ya raɗa mata sunan nan bai taɓa zama a kanta ba alhali ɗan koyo ya take totur yana zaton birki ne. Idonka ɗaya na kan titi, ɗaya na kan ƙafarsa, kana kallon madubi, kana kallon wuyansa ko ya juya, bakinka kuma a rufe sai in ta kama. Yaran yanzu rufe bakin ne ya fi ba su wuya.

Ni a wurin Baba Isa na koyi zaman. Mutumin Zariya ne, dogo, mai ƙaramar murya, yana jan babbar mota mai bodin katako. Kawuna ya kai ni wurinsa a matsayin yaron mota, na daɗe kuma ban san ɗumin sitiyari ba. Aikina wankin mota, zuba ruwa a lagireto, ɗaure tamfol, da dirowa a guje in sa weji a bayan taya in an tsaya a kan tudu. In mun kama hanya sai ya ce, "Zauna ka kalla." Jim kaɗan ya jefo tambaya: "Motar da muka wuce, me ya sa na ba ta fili?" In na ce ban sani ba, sai ya ce, "Tayarta ta baya na rawa, kai kana can kana kallon mai tallan gyaɗa."

Shi tun ana bin hannun hagu ya koyi mota, ni kuwa sai bayan da ƙasa ta koma hannun dama na shigo sana'ar. Yakan ba mu labarin makon da aka yi canjin, yana dariya har da hawaye. Ya ce direbobin da suka yi shekaru suna tuƙi suka koma kamar 'yan koyo, kowa na rarrafe, ana ta zagin juna. Shi dabarar da ya yi, jan ƙyalle ya ɗaura a wuyan hannunsa na dama, duk inda ya zo shataletale ko mararraba sai ya dubi ƙyallen ya bi inda yake. Ya ce wata da watanni yana fama, har hannun ya saba ya kwance ƙyallen ya jefar.

Doka ɗaya ce ba ya wasa da ita. "Hannu biyu ke riƙe sitiyari," in ji shi, "ba huɗu ba." A wurin direbobin wancan zamani, ka kai hannu kan sitiyarin mutum yana tuƙi daidai yake da ka kwaɗa masa mari a gaban jama'a. Wata rana a hanyar Kaduna na hango shanu za su tsallaka, sai na yi wuf na danna masa hon. Hon kawai, ko sitiyarin ban girgiza ba. Sai ya gangara gefe ya tsaya, ya nuna mini saman kaya. A can na ƙarasa tafiyar a kan buhunan masara, rana na gasa ni, fasinjojin sama na yi mini sannu da dariya.

Siminti da rodi ne suka fara kawo mu Abuja, lokacin garin bai wuce daji da jar ƙasa da manyan injuna ba. Yangoji, wani ƙauye kafin a shigo garin, ita ce matsayarmu, nan muke shan ruwa, mota ma ta sha, mu ci gasasshiyar doya da manja. A nan ya yaye ni. Yayen direba ba shi da biki. Maigida zai tsayar da mota ya kashe, ya zare makulli, ya sauko ya zagayo ta gaban motar, ya tsaya a ƙofarka ya miƙo maka. Kai ka matsa mazauninsa, shi ya hau naka, daga nan har ku isa ba zai ce maka komai ba, ko da kuwa giyar motar za ka karya. Haka ya yi mini. Na jawo motar nan cike da siminti har cikin gari gumi na zuba, shi kuwa ya naɗe hannuwa a ƙirji yana kallon gonaki kamar yau ya fara ganin dawa.

Da gwamnati ta tashi daga Legas ta dawo nan, mu muka kwaso ta. Mota biyu muke tafiya, tasa a gaba, tawa a baya, cike da akwatunan ƙarfe, tebura, da takardun ofis ɗaure da igiya. Ba na manta wani babban ma'aikaci da ya tsaya a kanmu sai da muka naɗe kujerar ofishinsa da katifa, ya ce in ta ƙwarzane mu da aikinmu. Takardun ma'aikatar tasa kuwa ko tamfol bai tambaya ko an rufa musu ba. Akwai wani akawu da ya ƙi shiga gaba, ya hau sama ya rungume firjinsa tun daga Legas har Lokoja. Da yawansu suna isowa sai su tsaya suna kallon tituna masu faɗi babu kowa a kai, su tambaye mu ina garin yake. Baba Isa yakan ce musu, "Ku ne garin, oga, ku sauko."

Sai ga shekarar da komai ya tsaya. Kwasar kaya ta ƙare, ga wahalar mai, mutum ya yi kwanaki a layi ya tashi da rabin tanki. Mai motocinmu ya sayar da su duka biyun, muka wayi gari ba mu da abin hawa. Baba Isa, wanda matarsa ta Zariya ta riga ta rasu, ya koma Yangoji ya auri Mama Ladi, Bagwariyar da muke sayen doya a wurinta tun zamanin siminti. Ya samu tsohuwar a-kori-kura yana kai doyar gonarsu kasuwar Gwarimpa. Ni kuma na samu 'yar ƙaramar mota, na kai ta Apo wani makanike ya haɗa mini birki na biyu a ɓangaren fasinja, na manna jan harafin alamar ɗan koyo gaba da baya, na fara koyar da ma'aikata da matan Gwarimpa. Wannan birkin shi ne babban kayan aikina, sai ƙaramin madubi da nake mannawa don in riƙa ganin idon ɗan koyo ba tare da na juya ba.

Ina cikin wannan sana'a wata malamar jami'a, Dakta Rakiya, ta zo ta same ni. Ta ce bincike take yi a kan tsofaffin direbobi, yadda za su tsira a kan titi, a kuma tsira da su. Ta ce kowa ya ɗora ido a kan samari masu gudu, ba wanda ya tsaya ya tambayi mai furfura yadda yake ganin hanya, ga shi mahaifinta ma har lokacin yana tuƙi, kullum gabanta na faɗuwa. Abin da take nema shi ne mutumin da zai zauna a gefensu ya kalla, bai gyara ba, bai tsawata ba, daga baya ya faɗa mata abin da ya gani. Na ce mata, "Dakta, in dai zama ne, kin zo gidansa."

Na ƙaru da ita ƙwarai. Da ni a zatona matsalar tsoho a mota ido ce kawai. Ita ta nuna mini in duba iya inda wuyan mutum ke juyawa, in lura da jinkirin ƙafarsa daga totur zuwa birki, in tambayi maganin da yake sha ko mai sa barci ne. Sharaɗinta shi ne kowa a tasa motar, a kuma hanyar da ya saba bi, don haka birkina na biyu ba shi da amfani, daga ni sai idona. Ita tana biye da mu a baya a motarta. Ban san me ta rubuta a ƙarshe ba, ba kuma zan yi mata ƙarya ba. Abin da na gani da idona kawai nake faɗa.

Wani tsohon direban tasi ne ya fara ba ni tausayi. Ya zo ya rine gemunsa baƙi ƙirin, rinin har ya ɓata masa wuyan riga, don ya ji ana cewa lasin za mu ƙwace. Sai da Dakta ta rantse masa ba ta da wannan iko sannan ya yarda ya tayar da mota. Da ya saki jiki kuwa, tuƙi ya yi mai tsabta. Wani kuma matarsa ce ke karanta masa allunan hanya, ita ke cewa ga rami ga mai babur, sun shekara a haka ba wanda ya sani. Kusan kowannensu yana da dabarar da ya ƙirƙiro wa kansa: wannan ba ya fita in ana ruwa, wancan ya gwammace ya yi zagaye mai nisa da ya tsallaka babban titi. Ba taurin kai ke sa su riƙe makulli ba. Makullin ne ke kai su masallaci da coci da gaisuwar mutuwa ba tare da sun roƙi kowa ba.

Ana cikin haka na je Yangoji gaida Baba Isa, na ba da labarin aikin. Da na tashi tafiya, Mama Ladi ta biyo ni har bakin titi da ƙullin gyaɗa.

"Habu, ka kawo wannan likita ɗin ya duba babanka," in ji ta. "Mota ya tsufa, shi ma ya tsufa. In ya dawo daga Gwarimpa, ko ruwa hannu nashi ba ya iya riƙewa. Ni na yi magana, ba ya ji."

"Mama, ba likitar asibiti ba ce, kuma ba ta hana kowa tuƙi."

"Ni ban ce a hana ba. Na ce a duba. Kullum in ya fita ina zaune a ƙofa sai na ji ƙarar mota."

Gaskiya na ji tsoro. Duk tsofaffin da na zauna a gefensu baƙi ne a wurina, wannan kuwa shi ya koya mini riƙe cokalin sana'ar. In na ga abin da ba daidai ba, da wane baki zan faɗa? In kuma na gani na yi shiru, ran wa na sa a caca? Na koma na faɗa masa a hankali, ina jiran ya kore ni. Sai ya yi dariya ya ce, "Ka kawo ta. Bari 'yar boko ta ga yadda ake tuƙi."

Ranar kasuwa muka tashi da hantsi, a-kori-kura cike da doya, ni a gefensa, Dakta a baya a motarta. Ku da kuke ganin kun iya mota, da ma kun ga tuƙin ranar. Yana sauya giya ba ka jin ko ƙis. Tun kafin tirela ta nuna za ta kauce wa rami ya riga ya ba ta wuri. Bai taka birki da ƙarfi ko sau ɗaya ba har muka wuce Kwali, muka wuce Gwagwalada. Har na fara jin kunyar kaina da ta Mama Ladi, ina cewa a raina mun tayar wa dattijo da hankali a banza.

Da muka shigo gari rana ta take, ga cunkoso, ga hayaƙi. Na lura ya daina 'yar waƙar da yake yi a maƙogwaro. Ya fara matse sitiyari, yana goge ido da bayan hannu, in zai dubi gefe sai ya juya da kafaɗa gaba ɗaya don wuyan ya ƙage. Na gani, na riƙe a raina, na yi shiru kamar yadda aikin ya ce.

A shataletalen da ake bi a shiga Gwarimpa abin ya faru. Muna isowa wani mai jif a bayanmu ya danne hon bai ɗaga ba. Baba Isa ya zabura. Na ga kansa ya juya dama, can inda mota ba ta zuwa, ya ga babu kowa, sai ya karya sitiyari hagu ya ba ta wuta. Hannun da ya bari tun ina yaro, shi ya dawo masa. Ga bas cike da mutane ta zagayo, goshi da goshi, har ina ganin bakin direbanta a buɗe.

Babu lokacin magana. Na kai hannu biyu na damƙi sitiyarin a kan hannuwansa, na fizgo shi dama da iya ƙarfina. Bas ta wuce ta share mana madubi, tayarmu ta daki dakalin gefen titi, doya ta zubo tana gangarawa a kwalta. Direban bas ya leƙo yana ihu, "Tsoho, ka je gida ka kwanta mana!" Masu babur suka taru, wasu na tsince mana doya, wasu na Allah ya kiyaye. Ni dai hannuna na kan nasa, na kasa ɗaukewa, sai da ya dube su sannan na janye kamar na taɓa garwashi.

Dakta Rakiya ta faka ta taho da gudu, ta durƙusa a bakin tagarsa. "Baba, sannu. Ba ka ji ciwo ba?" Abin da ta ce ke nan, ba ta ƙara ko kalma a kai ba, har yau kuma ina ganin girmanta saboda wannan. Shi kuwa ni ya juyo ya kalla.

"Habu, ta ina na shiga?"

Da zan iya cewa mai jif ne ya jawo, ko rana ce ta kashe masa ido, da kuma ya yarda don yana son ya yarda. Amma shi ya koya mini in faɗi abin da na gani.

"Ta hagu, Baba."

Ya daɗe yana kallon wuyan hannunsa na dama, yana shafa shi da babban yatsa. Sannan ya kashe motar, ya zare makulli, ya buɗe ƙofa ya sauka. Ina kallonsa ta gilashi yana zagayowa ta gaban motar a hankali, yana dafa bonet. Ya tsaya a ƙofata ya miƙo makullin. Na san wannan tafiyar, na taɓa ganin ta a Yangoji ina saurayi, sai dai a wancan karon murna ce ta cika ni, a wannan kuwa ƙwalla ce. Na matsa, ya hau, ya naɗe hannuwa a ƙirji.

Muka ƙarasa kasuwa aka sauke doya. Dakta ta samo benci a inuwa ta zauna da shi, ya ba ta labarin jan ƙyalle da makon canjin hannu, ya faɗa mata da bakinsa cewa ba yau ne karo na farko da kansa ya juya dama ba, sai dai da yakan kama kansa kafin hannu ya bi. Ta saurara har ya gama, ta yi masa godiya irin wadda ake yi wa malami. Da la'asar na ja a-kori-kura muka koma, tun daga Gwarimpa har Yangoji bai ce mini ci kanka ba.

Mama Ladi na zaune a ƙofa. Ta ji ƙarar mota ta miƙe, ta ga wanda ke riƙe da sitiyari, ta ga wanda ke gefe. Sai ta juya ciki ta ɗebo ruwa. Daga ranar bai sake tuƙi ba. Jikanyar Mama Ladi na koya wa mota daga baya, ita ta ci gaba da kai doya kasuwa, shi yana gefenta a kujerar da kuke rainawa, har Allah ya karɓi abinsa.

Amma a yammacin nan, da ya zauna a tabarma ya sha ruwan, na cire takalmi na tsuguna a gabansa. Abin yana cina tun daga shataletale.

"Baba, ka yafe mini. Na taɓa sitiyarinka kana tuƙi."

Ya ajiye kofin, ya dube ni, har da ɗan murmushi.

"Hannu biyu na ce maka, ba huɗu ba, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Baba."

"To yau nawa ba sa kai, Habu. Naka ne biyun." Ya turo mini kwanon da Mama Ladi ta ajiye. "Matso ka ci doya, da sauran tafiya a gabanka."